Jiminar Sarki da Tandar Tabawa

An ce wani sarki aka yi a wani zamani, wanda Allah ya buɗe wa hannu amma bai buɗe masa kunne ba. Yana son kyauta, yana kuma son a ga ya yi kyauta, kuma na biyun ya fi ƙarfi a zuciyarsa. In zai ba mutum riga sai an kira makaɗa, in zai ba shi rago sai an zaga kasuwa da ragon tukuna. Ba azzalumi ba ne. Amma mutumin da ba ya tambaya, ɓarnarsa takan kusa kamo ta azzalumi.

Wata shekara a ƙarshen rani gobara ta tashi a unguwar da ke bayan kasuwa. Wata mata ce ta bar wuta a murhu ta tafi maƙwabta gulma, kuma ba a kanta aka fara ba, ba a kanta za a ƙare ba. Ba a rasa rai ba, amma jinka ko ɗaya ba ta tsira ba. Bangayen ɗakuna suka tsaya baki buɗe suna kallon sama, rana ta hana kowa zama a cikinsu. Mutanen unguwar suka koma rumfunan kasuwa, in an watse su shimfiɗa tabarmi, in gari ya waye su naɗe kafin masu rumfa su iso.

Daga cikinsu akwai wani manomi, Nomau, da matarsa Tabawa mai waina, da 'ya'yansu ƙanana. Abin da Tabawa ta fitar daga wutar, ban da yaran, shi ne tandarta. Ta gaje ta ne daga uwarta, ta sha mai shekara da shekaru har ta yi baƙi tana sheƙi, ƙullu ba ya kama ta. Garin gudu bakin gurbi ɗaya ya ɗan fashe, tun daga nan kowane zubi sai waina ɗaya ta fito da ɗan kunne a gefe. Da wannan tanda suke ci, da ita kuma suke sayen ciyawar jinka dami bayan dami, don bayan gobarar ciyawa ta yi tsada.

Mahaifin Tabawa ya zo jaje daga ƙauyensu. Ya dubi rumfar, ya dubi jikokinsa, ya dubi surukinsa wanda ya durƙusa kansa a ƙasa.

Ya ce, "Nomau, ban ce ka yi laifi ba. Wuta ba ta shawara da kowa. Amma 'yata ba tumatir ba ce da za a baje ta a kasuwa. Ranar da ruwan shuka ya sauka zan zo da jaki. In na tarar da ɗaki a rufe, in koma ni kaɗai. In na tarar da sama ce rufinku, in tafi da ita da yaran, sai ka yi ɗaki ka biyo sawu."

Nomau ya ce, "To, Baba." Ba abin da suruki ke cewa ke nan ba?

Labarin gobara ya isa fada. Sarki ya ji tausayi ƙwarai, har ya ƙi cin abincin rana, ko da yake ya rama da la'asar. Ya kira waziri ya ce a yi wa mutanen nan kyautar da za a daɗe ana ba da labarinta.

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, bangayensu suna nan tsaye. In an ba kowane gida ciyawa da kara da igiya, kafin damina sun koma."

Sarki ya ce, "Ciyawa? A ce sarki ya yi kyautar ciyawa? Awaki nake mulki?"

Waziri ya bar maganar, don yana da iyali.

Aka buɗe taskar sarki. Wani aka aika masa gadon tagulla wanda sai ƙarti shida suke ɗaga shi. Wani aka aika masa alkyabba mai aikin zinariya. Wani aka ba shi madubi mai tsawon mutum, ya riƙa ganin yadda ya rame. Da aka zo kan Nomau, sarki ya ji an ce yana da yara, ya ce a kai masa jimina daga cikin na gidan sarki, yaran su riƙa kallo suna mantawa da baƙin ciki.

Wani bafade mai suna Mantau shi ya jawo jiminar da igiya, makaɗa na gaba, maroƙi na baya, yara na ihu. Aka tsaya gaban rumfar da Nomau yake kwana. Nomau ya faɗi ya yi godiya yana fuskantar fada. Aka gama kiɗa. Mantau bai tafi ba.

Kowa ya san abin da ya tsayar da shi. Wanda ya kawo maka kyauta ba ya komawa hannu rabbana, sai ka ba shi tukuici, kuma gwargwadon girman kyauta gwargwadon girman tukuici. Wanda aka kawo wa ƙwaryar fura zai iya sallamar ɗan aike da goro ɗaya. Wanda aka kawo wa jiminar sarki fa? In ya hana, ya raina sarki ke nan a gaban jama'a.

Mantau ya yi tari. Ya gyara rawani. Ya dubi sama ya ce, "Kai, tsuntsuwar nan da ƙarfi take. Tun daga fada take jana, har kafaɗata ta sage."

Nomau ya laluba aljihu, bai sami komai ba sai ƙasan aljihun. Ya waiwaya cikin rumfa. Idonsa ya sauka kan tanda, idon Mantau ya riga shi sauka. Kunya ta kama Nomau, kuma kunyar namiji a gaban taro ta sha cinye abincin gidansa. Ya ɗauki tanda ya miƙa. Maroƙi ya ga haka ya ƙara ɗaga murya, aka ba shi tabarma ɗaya. Makaɗa suka tafi da damin ciyawar da aka riga aka tara, suka ce dokin ubangidansu zai ji daɗi.

Tabawa ta dawo daga rijiya ta tarar da wata doguwar halitta a inda tandarta take zama.

Ta ce, "Malam, wannan baƙuwar fa?"

Ya ce, "Kyautar sarki ce. Ki yi godiya."

Ta ce, "Na gode. Ina tandata?"

Ya ce, "Tukuici."

Ta ajiye tulu a hankali, ta ce, "To. A bayanta zan riƙa zuba ƙullun, ko kuwa ita ce za ta shimfiɗa fiffike ta rufe mana ɗakin?"

Ya ce, "Ki rage murya, ana ji."

Ta ce, "A kasuwa muke kwana, Malam. Wa ya rage da bai ji mu ba?"

Kyautar sarki ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ba a kuma barinta ta rame, don fadawa sukan biyo su duba. Jimina kuwa ba ta san gobara ba. Ta cinye tsabar da maƙwabta suka taimaka musu da ita. Ta haɗiye cokalin juya waina. Ta miƙa wuya rumfar mai albasa, ta miƙa rumfar mai barkono, kullum sai Nomau ya ba da haƙuri. Shi da ya kamata yana gona yana sharar shuka, ya zama makiyayin tsuntsuwa, yana biye da ita lungu-lungu. Sauran ma haka. Mai gadon tagulla ya ba da akuyarsa tukuici, yana kwana a ƙasa kusa da gadon yana gadinsa. Mai alkyabba ya ba da gatarinsa, yana yawo da alkyabba cikinsa na kuka.

A garin nan akwai wani tsoho, Malam Cindo, wanda ya yi karatu har ya gaji da nuna shi. Abin da mutane suka kawo masa na sadaka ba ya kwana a gidansa. Ba ya aike. Da ƙafarsa yake zuwa, da tsakar rana lokacin da masu sa ido suke barci, ya tsuguna ya ce, "Me ya tsaya muku?" Sai ya saurara har a gama faɗa. Wani ya ce ƙotar fartanya, wata ta ce allura da zare, wani ya ce guga da igiya ya riƙa ɗibar ruwa yana sayarwa. Abin da aka faɗa shi yake kawowa, ba ya ƙari ba ya ragi, ya ajiye ya tafi kafin a fara laluben abin sallamarsa. Waɗanda kyautar sarki ta tsallake, wannan tsoho ya same su, kuma su ne suka fara ɗora jinka.

Ya iso rumfar Nomau, jimina ta kai wa hularsa cafka, ya dafe. Ya tsuguna ya yi tambayarsa. Tabawa ta kwashe duka ta faɗa masa, har da kunnen waina, har da maganar jakin mahaifinta. A lokacin gabas ta fara yin duhu da yamma, iska ta fara ƙamshin ruwa.

Malam ya ce, "Shinkafa da mai zan iya kawowa. Sabuwar tanda ma zan iya."

Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, sabuwar tanda sai ta yi wata tana cinye mai tana kama ƙullu kafin ta yarda da mutum. Kafin nan ruwa ya sauka."

Ya ce, "To, tsohuwar za a nemo."

Bai sha wahalar neman hanyar fada ba, don sarki ne ya aiko a kira shi. Labari ya kai wa sarki cewa a bayan kasuwa sunan wani tsoho ake ambata a addu'a, sunan sarki kuwa sai in an ga bafade. Abin ya yi masa zafi.

Malam Cindo ya shiga ya yi gaisuwa. Ya tarar da sarki da akushin waina a gabansa, waziri na dama, Mantau na tsaye da mafici.

Sarki ya ce, "Ya kai wannan tsoho, an ce kana raba wa talakawana allura suna yi maka addu'ar da ba sa yi mini. Faɗa mini, tsakanin jimina da allura wace ce babba?"

Malam ya ce, "Ya sarki, a filin fada jimina ce babba. A jikin yagaggiyar riga allura ce babba."

Sarki ya ce, "Wace kyauta ce ta fi kowace?"

Malam ya ce, "Wadda mai karɓa zai iya ɗauka shi kaɗai, ya kuma iya ajiyewa in ya ga dama."

Sarki ya ce, "Kana da baki. To, ni ma tambaye ni, a ga ko sarauta tana hana sani."

Malam ya ce, "Ya sarki, wane baƙo ne yake shigowa gida da kiɗa, ya cinye abincin yaran gida, ba a isa a kore shi ba, kuma sai an biya wanda ya rako shi?"

Waziri ya gane, ya shiga duban yatsun ƙafarsa kamar yau ya fara ganinsu.

Sarki ya ce, "Annoba."

Malam ya ce, "Annoba ba ta zuwa da kiɗa."

Sarki ya ce, "Mai karɓar haraji."

Malam ya ce, "Shi yakan tafi kafin magariba."

Sarki ya yi tunani ya rage murya ya ce, "Dangin mata?"

Malam ya ce, "Su ko ba komai sukan zo da ɗan tsaraba. Ya sarki, baƙon nan kyautarka ce."

Mafici ya tsaya a hannun Mantau. Fuskar sarki ta canza. Ya ce, "Na buɗe taskata na ba waɗanda ba su da komai, ka ce na aika musu baƙon da ke cinye su?"

Malam ya ce, "Ka aika, amma ba ka tambayi abin da 'yan aikenka suka dawo da shi ba."

Sarki ya ce, "Tukuici? Ai al'ada ce. Ɗan abin goro ne."

Malam ya ce, "Goro ga mai goro. Wanda wuta ta cinye masa goron, me zai bayar?"

Sarki ya miƙa hannu cikin akushi don ya sami abin yi. Ya tona ya zaɓo wata waina mai ɗan kunne a gefe, wadda kunnen ya soyu ya yi ja.

Malam ya ce, "Ya sarki, na ga ka tsallake na sama ka zaɓi wannan."

Sarki ya ce, "Ita na fi so. Matar Mantau ce ta fara aiko mini kwanan nan, kowane akushi da irinta a ciki. Har na ba ta zane saboda gwaninta."

Malam ya ce, "Gwanintar ba a hannunta take ba, a gurbin tanda take. Tandar wata mata ce, Tabawa, da ta fito da ita daga wuta har bakin gurbin ya fashe. Da ita take ciyar da 'ya'yanta, da ita take sayen ciyawar rufe ɗaki. Ranar da jiminarka ta shiga, ranar tandar ta fita. In ruwa ya sauka ba su rufe ɗaki ba, mahaifinta zai kwashe ta da yaran, gida ya watse. Ya sarki, kai ka aika musu bakin da zai ci, su suka aiko maka abin da kake ci. Ban san wanda ya yi wa wani sadaka a tsakaninku ba."

Wainar tana tsakanin yatsun sarki da bakinsa. Ya dube ta. Ya dubi Mantau. Mantau ya ce, "Ranka ya daɗe, ban roƙa ba, tari kawai na yi."

Sarki ya mayar da wainar cikin akushi. Ya ce duk wanda ya karɓi tukuici a bayan kasuwa ya kawo shi filin fada kafin la'asar, wanda ya ɓoye ko tsinke ne, shi za a ba jiminar. Da jin haka ba wanda ya ɓoye komai.

Sarki ya fito ya tsaya a kan abin da aka tara. Ga tabarmi, ga tukwane, ga gatari, ga turmi, ga akuya tana cin gefen wata tabarma, ga tanda a tsakiya. Ba abin da mai sarauta zai waiwaya ya kalla a ciki. Amma ya gane cewa unguwa guda ce a zube a gabansa, kuma shi ya zubar da ita, da kiɗa.

Ya ce, "Ya Malam, yaya zan karɓi kyautata daga hannunsu ba a ce sarki ya yi amai ya lashe ba?"

Malam ya ce, "Kada ka karɓa. Bari su kawo maka ita kyauta. Kai ma ai al'ada ta hau kanka, sai ka ba wanda ya kawo tukuici. Sai dai ka tambaye shi abin da yake so."

Haka aka yi. Mai gado ya zo da gadonsa, mai alkyabba ya zo da alkyabbarsa, mai madubi ya zo yana murna zai daina ganin kansa. Nomau ya jawo jimina, ko kuma a ce ita ta jawo shi, Tabawa na biye.

Sarki ya ce, "Na karɓi kyautarka, na gode. Me zan ba ka tukuici?"

Nomau ya fara cewa, "Allah ya ja zamanin sarki, duk abin da sarki ya ga dama..." Tabawa ta taka masa ƙafa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a tambayi maiɗakina."

Tabawa ta durƙusa ta ce, "Allah ya ba ka nasara, tandata. Da ciyawar ɗaki ɗaya, da kara, da igiya. Da cokali, don na farkon yana cikin tsuntsuwarka."

Sarki ya ce, "Shi ke nan? A ƙara mata darduma ta alharini."

Ta ce, "Allah ya ba ka nasara, kada a ƙara. Mun ga ƙari."

Sarki ya dubi Malam Cindo. Ya ce a ba ta abin da ta faɗa. Ya kuma ce Mantau ne zai ɗauki ciyawar a kansa har bayan kasuwa, kuma in ya yi tari a can, ko na mura ne, a zo a faɗa.

Washegari Tabawa ta ɗora tanda da shinkafa da man da Malam ya kawo. Masu saye suka dawo, har ana faɗa a kan mai kunne. Nomau ya tara maƙwabta aka yi gayya, yau a ɗaure jinkar wannan, gobe ta wancan. Ba a gama gyara bakin tasu ba hadari ya haɗu, ruwan shuka ya sauka.

Mahaifin Tabawa ya cika alkawari, ya iso da jaki a jiƙe. Ya zaga ɗakin ta waje, ya shiga ya ɗaga kai, ya daɗe yana neman inda yake yoyo bai samu ba. Aka kawo masa waina ya ci, ya sha ruwa.

Ya ce, "Jinkar ta karkace."

Nomau ya ce, "To, Baba."

Tsohon ya hau jakinsa ya koma shi kaɗai.

Tun daga ranar sarki bai sake aika kyauta gidan mai rashi da kiɗa ba. Ya ware mutane masu kunne, ya hana su karɓar ko goro, ya koya musu tambayar Malam Cindo. An ce abin da yake kashewa ya ragu ƙwarai, addu'ar da ake yi masa ta ƙaru, kuma ya daɗe bai daina mamakin wannan ba. Jimina ta koma bayan fada, inda akwai masu iya ciyar da ita.

An kuma ce in aka kawo wa sarki waina yakan ajiye mai kunnen a gefe ya dube ta kafin ya ci, ya ce wa na kusa da shi, "Adalci shi ne a auna kaya da wuyan mai ɗauka, ba da hannun mai ɗorawa ba."